Ajiyar Direba a Tabkinmu

Jikana na wajen 'yata ta fari, wanda karatu ya kai wata ƙasar Turawa mai sanyi, ya tsiri fatsa. Yaron da uwarsa ko wankan kududdufi ba ta bari ya yi ba, yau shi ne ke zama bakin ruwa da doguwar sanda da 'yar kujera, yana aiko mana da hotuna ta waya. Ƙanwarsa ce ke riƙe mini wayar dab da fuska, don ido ya fara ja da baya. Ya ce can kowane ruwa da irin kifinsa. Akwai na ƙoramar dutse mai ɗigo-ɗigo a jiki, akwai mai dogon baki cike da haƙora, akwai wanda sai ruwa ya daskare an huda shi ake samunsa. Ya ce sun san wanda yake ɗan asalin ruwansu, sun san wanda aka kawo daga wata ƙasa, har akwai irin da in ka kama an hana ka mayar da shi. Sauran kuwa, wai mutum ya wuni zaune, ya kama, ya ɗauki hoto, ya sake shi, ya koma gida hannu rabbana. Na ce a gaya masa wannan ba su ba ne, tsokanar kifi ce. Muna cikin dariya yarinyar ta ja hoto na gaba, sai ga wani Bature ya rungumi ƙaton kifi kamar mai renon jariri, manyan ɓawo ruwan tagulla, baki a zumɓure, da 'yan gajerun gashin baki. Na ce ta tsaya nan. Na san kifin nan sarai. Mu ɗan mota muke ce masa, kuma shi ya cinye mana tabki.

Ƙauyenmu yana ta wajen Magama, kusa da iyaka, inda in akuya ta tsinke da safe kafin hantsi tana kiwo a Nijar. A bayan gari akwai fadama, a tsakiyar fadamar akwai tabkin. In damina ta yi albarka gulbi kan cika ya tumbatsa, ya zubo mana ruwa da kifi, sa'an nan ya janye ya bar mu da rabonmu. Gefe-gefe kan ƙafe da rani, amma tsakiyar ba ta taɓa bushewa ba a sanina. Ruwan garai-garai yake, kana tsaye a baki kana ganin 'yan ramukan da ƙarfasa ke sharewa a yashi don zuba ƙwai, kamar an jera akussa. Bado ya rufe rabinsa. Da asuba kafin ka ga tabkin za ka ji shi: kwaɗi na ƙarasa hirarsu, zalɓe ya yi kukan nan nasa mai kama da tsoho yana gyaran murya, tulunan 'yan mata na gulgul suna cika, can kuma tarwaɗa ta ɗago ta shaƙi iska ta koma, tsulum. Muna da tarwaɗa baƙa wuluk, da ƙarfasa, da ragon ruwa, da ƙawara masu yawo garke-garke, da minjirya wadda in ka taɓa sai ka tuna da kakanninka. In gefe ya bushe ya tsattsage, sai mu bi da fartanya muna neman 'yar ƙofar da gaiwa ta bari, mu tono ta tana barci cikin laka.

Babana shi ne Sarkin Ruwa, kamar yadda ubansa ya yi. Sarautar ba ta da rawani ba ta da doki, abin da ke cikinta wahala ce da baƙin jini wurin yara. Shi ke rufe tabki in ruwa ya sauka, ba mai jefa ko ƙugiya sai ya buɗe. Shi ke sa ranar su, a can cikin bazara in ruwa ya ja baya, a aika ƙauyuka har tsallaken iyaka. Ranar nan maza su shiga da homa, mata su tsaya gefe da ƙorai, kiɗa na tashi, kowa laka har gira. Mutum ne mai ƙarancin magana, in ya faɗi abu sau ɗaya ya gama. Yakan ce mana tabkin ba nasa ba ne, riƙo aka ba shi, kuma za a tambaye shi. Innata kuwa banda take yi. Tun ina ƙarami aikina ke nan, saro itacen kirya da tara ƙaiƙayi, da korar shaho daga kan raga. Ƙamshin hayaƙin nan ya kama tufafinmu har ba ma jin sa, sai mun shiga kasuwar Jibiya a ce ga 'yan gidan kifi nan. Mutanen Maraɗi kan zo takanas su nemi bandarta. Yanzu fa? Tarwaɗar gona ce ta cika kasuwa, wadda aka ɗura wa abincin buhu ta kumbura cikin 'yan watanni, ka dafa ta ka ji kamar kana tauna katifa. Sai kuma na ƙanƙara da ake saukewa daga manyan motoci, wanda ya mutu tun kafin a haifi mai sayar da shi. Yaran yanzu suna ci suna lashe hannu, ni dai kallonsu nake.

Na zama saurayi, na fara shiga ruwa da homa tawa, lokacin da wata mota ta lalace a hanyarmu. Kamiyo ce, kamar yadda mutanen tsallake ke ce wa babbar mota, ta taso daga kudu za ta Nijar, ta zo daidai mararrabarmu ta tsaya cak. Zafin bazara ne irin wanda ƙasa ke ƙona tafin ƙafa. A bayanta an jera durom-durom cike da ruwa, a cikin ruwan 'yan kifaye ne kamar yatsa. Direban dogo ne siriri, mutumin Maraɗi, ya shigo gari gumi na zuba yana tambayar mai iko da ruwa. Aka kawo shi zauren Baba. Ya ce wasu Turawa masu aikin kiwon kifi a can Nijar suka aiko shi ya ɗauko iri. Ƙarfen da ya karye sai an je Kano, ruwan durom ya yi zafi, kifin sun fara juya ciki sama.

“Baba, don Allah ka taimake ni,” in ji shi. “Ka bari in zuba su tabkinka su sha iska. In an gyara mota in dawo da taru in kwashe.”

Baba ya tashi ya je ya leƙa durom ɗin da kansa. Ya daɗe yana kallonsu suna haki a saman ruwa. Bai san irinsu ba, ya kuma faɗi haka. Direban ya faɗi sunan da Turawan ke kiransu, ba wanda ya iya riƙe shi. Ni dai na san abin da ya ci ƙarfin Baba, ba ya iya ganin mai rai na mutuwa da ƙishi ga ruwa a kusa.

“A zuba su,” ya ce. “Ajiyarka ce. In ka dawo kana tarar da su da rai.”

Suka tafa hannu a gaban mutane. Direban ya ce Dogo ake ce masa, duk wanda ya je otogar ta Maraɗi, wato tashar mota, ya tambaya za a nuna shi. Mu samari muka yi ta jigilar bokitai daga hanya zuwa fadama har la'asar. Bayan 'yan kwanaki wata motar ta zo ta ja tasa, muka ga ƙurarsu ta yi arewa.

Bazara ta wuce bai dawo ba. Damina ta sauka, ta ɗauke, shiru. Ranar su ta zagayo, mai shela ya faɗi dokokin da aka saba, sai Baba ya ƙara ɗaya: duk wanda baƙon kifin nan ya shiga homarsa ya mayar da shi ruwa, kayan mutane ne. Ba wanda ya yi musu. A lokacin abin ma dariya yake ba mu. Ka ɗago homa ka ga ɗan mota ya yi ɓul-ɓul kamar tafin hannu biyu, ka shafa shi ka ce ya gai da ubangidansa, ka sake shi. Namu na gida kuwa mu cika ƙorai da su mu kai banda. Haka muka yi shekarar nan, haka muka yi ta gaba. Muna tsame namu, muna mayar da na baƙo, da hannunmu.

Sai ga 'ya'ya. Ɗan mota ya hayayyafa kamar an roƙa, ƙanana ƙanana ko'ina. Aminin Baba, wani Bamaguje daga wajen Kusa da ake kira Nomau, wanda tun suna yara suke tare kuma shi kaɗai ke iya gaya masa magana son ransa, ya zo ya same shi a zaure.

“Sarki, waɗanda anka zuba dai na direba ne, mun ji. Waɗanga fa da anka haifa nan? Ruwanmu sunka sha, lakarmu sunka ci.”

“In Bafillace ya bar maka saniya ya tahi, ta haihu gidanka,” in ji Baba, “ɗan maraƙin na wa ne?”

“Saniya ba ta cinye mini garke.”

“Na wa ne, Nomau?”

Nomau ya tsuke baki, ya zuba tabarsa a leɓe, ya ce shi dai bai taɓa ganin inda kifi ya yi ubangida ba. Suka koma hirar gero.

Amma maganar Nomau gaskiya ce, kuma Baba ya riga kowa gani. Ɗan mota ba ya cizo ba ya faɗa, abin da yake yi kawai tono. Wuni yake kai a ƙasa yana tsotsar laka yana furzarwa, kamar alade a juji. Ruwan da muke ganin ƙasansa ya koma kalar kunun kanwa. Bado ya fara tasowa da saiwa a sama, ya ruɓe, har 'yan mata suka daina zuwa ciro shi. Ramukan ƙarfasa suka shafe, ƙwan da ke ciki ya tafi. Ƙawara ba ta son ruwa mai dauɗa, ita ta fara ɓacewa. Da gulbi na zuwa kamar da, da ya wanke mana tabkin ya kawo sabon iri, to sai abin ya haɗu da shekarun nan da ruwan sama ya yi rowa, gulbi ya kwanta cikin yashinsa bai ko leƙo fadama ba. Kowace shekara ƙwaryar Inna na raguwa. Wata ranar kasuwa na gan ta ta jera bandar da ba ta rufe gindin faifai ba, wani tsohon mai sayenta daga tsallake ya tsaya ya duba, ya gaishe ta, ya wuce. Da muka dawo ba ta yi wa Baba faɗa ba, ba halinta ba ne. Ta ajiye masa tuwo da miyar kuka fara, ta ce, “Malam, gidan Sarkin Ruwa ke nan yau.” Ya jawo akushin ya ci.

Ba zama ya yi kawai ba. Duk direban da ya tsaya shan ruwa a mararraba sai ya ba shi saƙo zuwa ga Dogo. Wani ya ce ya koma hanyar Agadas, wani ya ce bai san shi ba, wani ya karɓi saƙon ya manta kafin ya tsallaka. Liman ya zo har gida ya gaya masa addini bai ƙuntata haka ba, akwai mafita ga wanda mai ajiya ya ɓace masa. Baba ya saurara da ladabi har ya gama, sa'an nan ya ce, “Allah gafarta Malam, da tsintuwa na yi da na bi wannan. Hannu da hannu ya ba ni. Kuma da rai na ce mishi.” Gari ya fara gunaguni. Samari suna satar ɗan mota suna gasawa a bayan gonaki, ana jin ƙauri, Baba ya san da haka, kuma abin da suke ci bai rage komai ba. Wasu suka fara cewa tsufa ya kama shi, a nemi wani a ba riƙon ruwan. Na ji zafin wannan magana ƙwarai, don na san abin da ke cin sa. Amana biyu ce ta haɗu a hannunsa, ta kakanninsa da ta baƙo, ɗaya tana cin ɗaya, shi kuwa bai iya sakin ko wacce ba. Yakan je bakin tabki da hantsi ya tsuguna ya ɗebi ruwan a tafin hannu, ya duba, ya zubar.

Wata safiya bayan an gama girbi ya kira ni. Ya ce ƙafarsa ba ta kai shi, in je Maraɗi in nemo mutumin nan, kada in dawo sai da maganar bakinsa. A wancan zamani tsallaka iyaka ba wani abu ba ne, ka gai da na wannan gefe, ka gai da na wancan, ka wuce, rabinsu ma sun ci bandar Inna. Ba irin yanzu ba da yau a buɗe gobe a rufe, mutum na hangen rumbun ɗan uwansa ba shi da ikon zuwa. Na hau bayan motar gyaɗa na sauka otogar. Dogo kam sun fi a ƙirga, duk wanda ya ɗara wani tsawo Dogo ne. Na yi ta bi ana nuna mini wannan ana nuna mini wancan, har wani mai shayi ya ce ko wanda ya daina tuƙi nake nufi, wanda ke lodin fasinja yanzu. Na same shi zaune kan tsohuwar taya yana cin goro. Ya yi furfura, ya ranƙwafa, amma shi ne.

Na gaishe shi, na faɗi sunan ƙauyenmu, na ce Sarkin Ruwa ne ya aiko ni kan maganar kifinsa.

“Wane kihi?” in ji shi.

Na tuna masa motar da ta lalace, da durom-durom, da bokitan da muka ɗauka. Ya sosa gemu, can sai fuskarsa ta washe, ya yi dariya.

“Af, waɗannan. Ai tun da na iso na ce ma masu su sun mutu bisa hanya. Sunka aika anka kawo wasu. Su kansu Turawan sun koma ƙasarsu tuni, wurin ma ya zama gonar albasa. Ina fata dai kun ci kun more.”

Na ce ba mu ci ba. Na gaya masa yadda ake shela kowace ranar su, yadda muke mayar da su ruwa, su da 'ya'yansu da jikokinsu, da yadda tabkin ya koma. Dariyar ta tsaya. Ya cire goron daga bakinsa ya riƙe a hannu. Ya tambaye ni ko tsohon na da rai, na ce yana nan yana jiransa.

“Duk shekarun ga?”

“Duk.”

Ana ta kiransa mota ta cika bai waiwaya ba. Daga baya ya ce, “Ka ce mishi na sauke mishi. Na bar mishi su duniya da lahira. Ka ce kuma ya yahe mini.” Na yi niyyar in gaya masa magana mai ɗaci, na zo da ita a bakina tun daga gida, amma da na ga idonsa sai na haɗiye ta. Ya raka ni har bakin mota.

Na tarar da Baba a zaure. Na faɗa masa saƙon kamar yadda aka ba ni.

“Da bakinshi ya faɗi?”

“Da bakinshi.”

“Ya tuna da mu?”

Na ce ya tuna, amma sai da na tuna masa. Ya gyaɗa kai a hankali, ya ce Allah ya yafe mana baki ɗaya, ya tambaya ko na ci abinci.

Ranar su ta shekarar nan ba a taɓa taruwa irinta ba, don labari ya zaga cewa an saki ɗan mota. Mai shela ya faɗa, mutane suka yi guɗa, aka faɗa ruwa. Homa ba ta ɗaguwa don nauyi. Wasu kifayen sun kai cinyar babban mutum, sai biyu sun kama ake fito da su. Ƙorai suka cika, aka koma zubawa a ƙasa, tsibi-tsibi a kan ciyawa suna ta bugun jela. Mata na rabo suna dariya, Nomau na yawo da ɗaya a kafaɗa yana cewa yau zai rama abin da aka yi masa. Ni ma na yi murna, ba zan ɓoye ba. Sai da na fito shan iska na hangi Baba. Bai zauna inda Sarkin Ruwa ke zama ba. Yana bin tsibin nan ɗaya bayan ɗaya da sandarsa, yana juya kifin, yana dubawa, yana wucewa na gaba. Na bi shi a baya. Ɗan mota, ɗan mota, ɗan mota. Sai 'yan tarwaɗa ramammu nan da can, masu manyan kai.

A ƙarshen layi wata tsohuwa na zaune da 'yar ƙwarya. A cikinta, ƙarƙashin manyan, wani abu ya yi ƙugi, ƙurr-ƙurr. Baba ya tsaya. Ya sunkuya ya ɗaga na saman, sai ga ɗan ƙurungu, kifinmu na gida, bai fi tsawon yatsa ba, ya miƙe ƙayoyinsa yana ta masifa. Baba ya ce, “Iya, ki ba ni wanga.” Ta ce ya ɗauki babba mana, me zai yi da wannan. Ya ce shi yake so. Ya ɗauke shi da hannu biyu, ƙayar ta soke shi a tafi har jini ya fito, bai sake ba. Ya tattara rigarsa, ya shiga ruwa har gwiwa, ya nutsa hannuwansa, ya buɗe.

Bai fito ba. Daga nan inda yake tsaye ya kira mai shela, ya ce ya faɗa wa jama'a duk wanda ya ga ɗan gida a kamunsa, ƙarfasa ko ƙawara ko ragon ruwa, ko yaya ƙanƙantarsa, ya kawo masa nan da rai. Mai shela ya faɗa, ya sake faɗa. Kiɗa ya tsaya. Na ga mutane suna zazzage ƙoransu a ƙasa suna tonawa, Nomau ya ajiye nasa ya durƙusa yana bincike da hannu, Inna ma haka. Baba na tsaye cikin ruwa, tafin hannunsa a buɗe, yana jira. Rana ta yi ƙasa, 'yan nesa suka fara ɗaura kaya, yana nan tsaye. Har aka watse ba wanda ya kawo masa na biyu.